Yadda ake sa faifan bidiyo na gida ya buɗe a laftof

Wannan fili na roƙa ne domin wata mas'ala da ta same ni, na kuwa tabbata tana kwance a gidajen da yawa daga cikinmu, watau faifan bidiyo na gida wanda aka sa a kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof, ya ƙi buɗewa.

Asalin maganar

Kowa ya san ƙasarmu ta arewacin Kano. Gona na jingine da gona, ba saura, ba daji, kowane taƙi ana nome shi duk shekara da taki. Iyaka kuwa layin gamba ne, ko jema, ko wata bishiya da kowa ya sani. Da aka raba gadon mahaifinmu, shekaru sun fi goma sha biyar, sai ƙanena ya ɗauko mai bidiyo ya bi dattawa da mai unguwa suna taka iyakar gona. Aka ba mu faifai guda, na jefa shi a akwati. Damina ta bana maƙwabci ya sayar da tasa gonar, sabon mai ita ya sa garmar shanu, layin gamba ya tafi, muka tashi da gardamar kunya uku. Biyu daga cikin dattawan da suka taka iyakar sun riga mu gidan gaskiya. Dagaci ya ce a kawo faifan. Na ɗauko, ɗana ya sa a laftof ɗinsa, aka ji ya yi ƙugi ya yi shiru, allo bai nuna kome ba. Kwana tara na yi ina bin masu gyara da masu tura fina-finai ina tambaya kafin ya buɗe. Abin da na tsinta shi ne zan zayyana, daki-daki, don kada wani ya sha wahalar da na sha.

Abu na farko da za ka riƙe, ya ɗan'uwa: faifan da ya ƙi buɗewa ba lalle ne ya mutu ba. Dalilan ƙin buɗewa huɗu ne. Ko injin karantawa ne ba shi da lafiya, ko kwamfutar ce ba ta san harshen faifan ba, ko wanda ya buga shi bai rufe shi ba, ko kuwa jikin faifan ne ya lalace. Uku na farko suna da magani mai sauƙi. A bi su bi da bi, kada a tsallake.

Fasali na farko: ka san irin faifan da ke hannunka

Kamar yadda ba a sayen hatsi sai an soka buhu an ga ƙwaya, haka nan ka juya faifan ka dubi cikinsa. Iri biyu ne suka cika gidajenmu. Akwai sidi, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982 domin sauti, sa'an nan a 1993 aka tsara yadda za a ɗora masa hoto mai motsi, shi ne ake kira bi-sidi. Yana ɗaukar megabait 700, watau bidiyo na wajen minti 80. Akwai kuma dibidi, wanda ya fito a Japan a 1996, yana ɗaukar gigabait 4.7, kusan ninki shida da ɗoriya na sidi, hotonsa kuma ya fi kyau. Girmansu ɗaya a ido, amma in ka duba zoben da ke kusa da hudar tsakiya, ko fuskar faifan, galibi za ka ga an rubuta CD-R ko DVD-R ko DVD+R. Mai RW a ƙarshen sunansa shi ne wanda ake iya gogewa a sake bugawa.

A nan Kano fim ɗin Hausa ya fara ne a kaset, tun daga Turmin Danya a 1990. Cikin shekarun 2000 faifai ya ture kaset, dilolin Ƙofar Wambai suka koma sayar da shi, masu ɗaukar biki da suna da saukar karatu su ma suka bi. Saboda haka bidiyon gida na wancan zamani, in ba kaset ba ne, to bi-sidi ne ko dibidi.

Amma fa faifan gida ba ɗaya yake da na kamfani ba. Na kamfani dannawa ake yi a masana'anta, rubutun yana cikin jikin robar, cikinsa fari ne kamar azurfa. Na gida kuwa wani rini ne a shimfiɗe a ciki, hasken inji ya bi yana ƙona shi ɗigo-ɗigo, shi ya sa ake cewa an ƙona faifai. Cikinsa yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi in sidi ne, ko ruwan shunayya in dibidi ne. Karkata shi a haske: za ka ga inda aka rubuta ya ɗan fi duhu, ya faro daga tsakiya ya nufo baki. In ka ga wannan zobe, akwai kaya a ciki. In launi ɗaya ne fes daga tsakiya har baki, mai yiwuwa ba a taɓa rubuta kome ba.

Fasali na biyu: a gwada injin kafin a zargi faifai

Mai awo na gari yakan gwada sikelinsa da nauyin da ya sani. Nemi wani faifai wanda ka tabbata yana yi, irin naka, ka sa. In shi ma ya ƙi, laifin inji ne. Ƙurar hunturu takan rufe idon da ke karantawa, tsufa kuma yakan rage masa ƙarfi, kuma faifan gida shi ne farkon wanda raunanan ido ke kasa gani, domin ba ya mayar da haske kamar na kamfani. Har wa yau, tsohon injin da aka yi domin sidi kaɗai ba ya karanta dibidi ko kaɗan, domin hasken da kowanne ke bukata daban ne. Injin dibidi shi ne ke karanta duka biyun.

Laftof da yawa na yanzu ma ba su da aljihun faifai sam. Kamfanin Apple ya fitar da MacBook Air ba aljihu a 2008, sauran kamfanoni suka bi sannu a hankali don kwamfuta ta yi sirantaka. Maganin wannan shi ne injin faifai na waje, ɗan fale-fale, wanda ake haɗawa da waya ta kafar USB. Ana samunsa wajen masu kayan kwamfuta a birni, irin su titin Beirut, kuma ana iya ara. In wayarsa mai kai biyu ce, a soka duka biyun, domin juya faifai yana cin wuta. Ya fi kyau laftof ɗin ya kasance da cikakken caji.

Tanbihi: akwai ƙaramin dibidi mai faɗin santimita 8, wanda wasu kyamarori ke ɗauka kai tsaye, yana cin wajen minti 30. Shi ana sa shi ne a inji mai tire, mai ɗan ƙarfen tsakiya da ake danna faifai a kai. Kada a tura shi a inji mai tsaga wanda ke haɗiye faifai, zai maƙale.

Fasali na uku: kwamfuta ta ga faifai amma ta ƙi nunawa

Wannan ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta same ni. Injin bidiyo na falo, irin wanda ake haɗawa da talabijin, aikinsa ɗaya ne, da ka sa faifai sai hoto. Laftof ba haka take ba, sai da manhajar da ta san harshen faifan. A zamanin Windows 7 yawancin kwamfutoci suna nuna dibidi da kansu. Daga Windows 8, a 2012, kamfanin Microsoft ya cire wannan, domin kuɗin lasisi yake biya a kan kowace kwamfuta, kuma bai mayar da shi cikin Windows 10 da 11 ba. Ashe ke nan faifanka lafiya lau, tafinta ne babu.

Ga abin yi. Danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin E, sai taga ta buɗe. Nemi This PC, za ka ga hoton faifai da harafi kusa da shi, galibi D ko E. Danna shi da maɓallin dama, ka zaɓi Open. Yanzu ka soka buhu, ka dubi abin da ke ciki.

In ka ga jaka mai suna MPEGAV, bi-sidi ne. A cikinta akwai fayil AVSEQ01.DAT, wani lokaci da na biyu da na uku. Shi ne bidiyon. Kwamfuta ba ta san da me za ta buɗe mai suna DAT ba, shi ya sa take yin shiru.

In ka ga jaka mai suna VIDEO_TS, dibidi ne. A ciki akwai iri uku. Masu ƙarewa da VOB su ne kayan, an yanka su gunduwa-gunduwa, kowane bai wuce gigabait 1 ba. Masu IFO su ne littafin lissafi, su ke faɗin wane ne farko, wane ne ke bi. Masu BUP kwafin littafin ne don ko-ta-kwana. Jakar AUDIO_TS in ka same ta wayam, haka take, ba ɓata ba ne.

In ka ga jaka mai suna DVD_RTAV da fayil mai ƙarewa da VRO, kyamara ce ko rakodar falo ta rubuta shi da nata tsari.

In kuwa fayil ne kawai mai MP4 ko AVI ko 3GP ko MPG, to mai bugawa zuba shi ya yi kamar yadda ake zuba kaya a filashi.

Dukkan waɗannan tafinta ɗaya ke fassara su, manhaja mai suna VLC, mai tambarin mazurari ruwan lemo irin na masu aikin hanya. Ɗaliban wata makarantar injiniya ne a Faransa suka fara ta, aka sake ta ga jama'a kyauta a 2001, har yau kuma ba a biyan ko kwabo. Ana saukar da ita daga videolan.org, ba ta kai megabait 50 ba, masu tura fina-finai a waya kusan duk suna da ita. Wanda ya ce ka biya kuɗin manhajar, kuɗin wahalarsa kawai ya cancanta. In an sa ta, buɗe ta, danna Media, sa'an nan Open Disc, ka zaɓi DVD ko SVCD/VCD gwargwadon faifanka, ka danna Play. In dibidi ya tsaya a shafin farko ya ƙi gaba, koma ka sa alama a No disc menus. In duk ya ƙi, ja fayil ɗin DAT ko VOB ko VRO da kansa ka saka cikin tagar VLC. A dibidi, VTS_01_1.VOB ne farkon bidiyo, mai sifili a ƙarshe shafin zaɓi ne kawai.

Fa'ida: za ka ji masu gyara suna maganar kullen yanki, wai faifan Amurka ba ya yi a injin Afirka. Gaskiya ne, amma a kan fina-finan kamfani. Faifan da aka ƙona a shagon unguwa ba shi da wannan kulle, kada a karɓi kuɗinka a kan cire shi. Wata fa'idar kuma: dubi nauyin fayil. Bidiyon awa guda ɗaruruwan megabait ne. In ka ga kilobait ɗaya ko biyu, da 'yar kibiya a jikin hoton fayil ɗin, to mai bugawa alamar hanya ya ƙona maka, bidiyon ya rage a kwamfutarsa. An ba ka buhun ƙaiƙayi ke nan, sai a koma wurinsa ko Allah ya sa bai goge ba.

Fasali na huɗu: faifan da ba a rufe ba

Nan ne wurin haɗari, a karanta da natsuwa. Kyamara mai ƙaramin dibidi, da rakodar falo da ake juye kaset da ita, suna rubutu ne kaɗan-kaɗan, suna barin faifai a buɗe don a ƙara. Sai an gama ne ake ba su umarni su rubuta littafin lissafi su rufe. Kamar buhu ne da aka cika ba a ɗinke baki ba: a sito ɗinka yana tsaye lafiya, amma ba ya hawa mota. Irin wannan faifai yana yi a injin da ya rubuta shi, ya ƙi a ko'ina.

Alamarsa ita ce: ka ga zoben rubutu da idonka, amma laftof ta ce faifan wayam yake, har ta tambaye ka yadda kake so ka yi amfani da shi, ko ta ce a yi Format. Kada ka yarda, ya ɗan'uwa. Danna Cancel ka fitar da faifan. In mai RW ne ka amsa, ta share shi ke nan, in mai R ne kuma sabon rubutu na iya dagula na da.

Magani na farko, a nemo kyamarar ko rakodar da ta rubuta shi, ko irinta sak ta kamfani ɗaya. A sa faifan, a haɗa ta da wuta tsayayya, kada a dogara da batir ko wutar da ke iya ɗaukewa, a nemi kalmar Finalize a cikin jerin umarninta. Mintoci kaɗan ne, kada a girgiza ta har ta gama. In injin ya ɓata ko mai shi ya bar sana'a, akwai manhajojin ceto, irin su IsoBuster, masu iya tsamo bidiyo daga faifan da ba a rufe ba. Wannan aikin wanda ya iya ne. Ka kai masa, ka zauna a wurin, ka gaya masa da bakinka cewa kwafi kake so, kada ya rubuta kome a kan faifan.

Fasali na biyar: in jikin faifan ne ya sami rauni

Alamar wannan ita ce hoto ya riƙa tsayawa, ko ya farfashe gida-gida, ko inji ya yi ta ƙugi yana sake juyawa. Fara da wanki. Ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan, da ƙyalle mai laushi na auduga. A shafa daga hudar tsakiya zuwa baki, miƙe, kada a bi da'ira, domin rubutun a da'ira yake tafiya, ƙarzanen da ya bi shi ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Ban da fetur, ban da kananzir. A bar shi ya bushe a inuwa.

Mutane suna tsoron ƙarzanen ciki, alhali a sidi na fuska ya fi muni. Rubutun sidi yana dab da fuskar da ake rubuta suna, fenti ne siriri kawai ya rufe shi. Ɗaga shi ka dubi haske: in ka ga haske na ɓullowa ta wasu ƙananan huji, wurin ya tafi, ba mai dawo da shi. Shi ya sa ba a rubuta wa sidi suna da biro, sai da alƙalami mai laushin baki. Dibidi shi rubutunsa a tsakiya yake, tsakanin roba biyu da aka manne, amma in an lanƙwasa shi ko zafi ya dake shi mannin na iya saki. Bi-sidi kuma an rage masa abin gyaran kuskure don ya ɗauki bidiyo mai tsawo, saboda haka ƙaramin rauni ma yana nunawa a hoto. In inji ɗaya ya kasa, a gwada na biyu da na uku, domin idanunsu ba ƙarfi ɗaya ba. Ko rabin bidiyon aka samu, a kwafe shi.

Fasali na shida: da ya buɗe, a kwashe

Rinin nan da aka ƙona yana dusashewa da rana da zafi da laima. Faifan da ya kwana shekaru a saman kanta, a shago mai rufin kwano, kullum ƙara rauni yake, kamar waken da aka ajiye a buhu ba leda. Saboda haka ranar da ya buɗe, kada a tsaya kallo tukuna. A kwafe jakar gaba ɗaya zuwa cikin laftof, VIDEO_TS ko MPEGAV, duk da abin da ke cikinta. Sa'an nan a sa yaro ya juya kwafi ɗaya zuwa MP4 da VLC ko da HandBrake, ita ma kyauta ce, don ya yi a waya. Amma kada a goge na asali.

Manoman wake sun san buhun PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, in ɗaya ta huje saura na riƙe. Haka za a yi: kwafi a laftof, kwafi a filashi ko memori, kwafi kuma a gidan wani ɗan'uwa, ba rufi ɗaya ba, saboda gobara da ɓarawo. In za a tura ta WhatsApp, a tura shi a matsayin Document, domin in an tura shi a matsayin bidiyo matse shi ake yi, fuskoki su dushe. Memori da filashi su ma suna mutuwa ba sallama, a riƙa duba su duk kaka, lokacin da ake duba rumbu. Faifan kansa a mayar da shi gidansa na roba, a tsaye, a wuri mai sanyi da duhu. Ajiya maganin wata rana.

Yadda tamu ta ƙare

Namu bi-sidi ne, lafiyarsa ƙalau, tafinta kawai ya rasa. Aka ja AVSEQ01.DAT cikin VLC a zauren dagaci, sai ga marigayi baffanmu da sandarsa, yana tsaye gabas da gawo, yana ƙirga taku da murya. Zaure ya yi tsit. Gani ya kori ji. Aka fita aka auna daga gindin gawon nan, wanda har yau yana tsaye. Kunya biyu tamu ce, ɗaya kuwa ta maƙwabci ce, mu ne muka yi shekaru muna ci ba mu sani ba. Na ce masa, Alhaji, a yafe mana ta baya. Ya ce, Malam, ni ma a yafe mini garma. Aka dasa sabuwar gamba a gaban shaidu, aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu.

Wannan takarda ita ce nasihata ta ƙarshe ga 'yan kasuwa. Masu ɗaukar bidiyon ciniki ko bashi ko rabon gona suna kyautawa, amma bidiyo mai taimakon shaidu da rubutu ne, bai ɗauke su ba. A yi duka ukun. Wanda kuma yake da faifai a akwati, na auren 'yarsa ko na muryar mahaifinsa, ya ɗauko shi wannan mako ya gwada, tun ba a nema da gaggawa ba.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.